Ƙuri'ar Hannun Dama a Ɗakin Gaggawa

Jiya da dare, bayan na shafa wa gwiwata man zafi na kwanta, na yi wani mafarki wanda har yanzu idan na tuna shi sai in ji zuciyata tana tafasa.

Na gan ni a kan wata hanya da rana tsaka, ina tura baro da hannun hagu. A cikin baron ɗana ne, ɗan farina, kafinta mai buga kwanon rufi, mutum da gemunsa da matarsa da 'ya'yansa, ya naɗe ƙafafu. Cinyarsa a tsage take. Ban san abin da ya yanke shi ba, kuma a mafarkin bai zo mini in tambaya ba. Abin da na sani kawai shi ne tafin hannuna na dama yana kan ciwon, na danne da iya ƙarfina, kuma da zarar na ɗan sassauta sai jini ya ɓalle. A wannan ƙasa jini ba ya zuba ƙasa. Sama yake yi, ɗigo-ɗigo, ya wuce kan bishiyoyi ya ɓace, don haka ko alamar da wani zai gani a hanya ya ce an wuce da mai rauni babu.

Ya ce, "Inna, ki bi gwiwarki a hankali."

Na ce masa ya rufe mini baki, ba gwiwata ce a tsage ba.

Asibitin yana gabanmu, fari tas, da ƙofa mai ganye biyu an rubuta Ɗakin Gaggawa a samanta. Sai da na matso na lura ƙofar tana da ƙafafu irin na agwagwa. Na yi gaba, ta ja da baya. Na ƙara sauri, ita ma ta ƙara, ginin duka yana biye da ita. Muka yi ta haka har gumi ya jiƙa mini mayafi, ni da shekaruna ina tsere da ƙofa a gaban jama'a.

Wani dattijo yana zaune a gefen hanya, ya rungume karyayyen hannunsa. Ya ce sunansa Nomau, kuma in daina wahalar da kaina. Wai masu bincike na asibitin sun gano cewa jiran mara lafiya yana farawa ne daga lokacin da ya ƙetare ƙofa. To, tunda ana so a rage jira, sai aka horar da ƙofar ta riƙa ja da baya. Tun daga nan ba a ƙara samun wanda ya yi dogon jira ba, har an ba asibitin kambi.

Na tambaye shi, shi da yake zaune a nan, me yake yi in ba jira ba.

Ya ce, "Ni ban iso ba tukuna, Hajiya. Ina kan hanya."

Raina ya ɓaci. Na ce to shi ke nan, su riƙe ƙofarsu, zan kai yarona wurin wanzamin unguwarmu ya ɗaure shi da tsumma. Na juya baro na kama hanyar gida. Ban yi nisa ba sai na ji takun ƙafafu a bayana. Ƙofar ce ta biyo mu a guje, ta buɗe ganyayenta ta haɗiye mu. Daga baya na ji dalili: an yi wani binciken da ya nuna wanda ya juya ya tafi ba a duba shi ba yana ɓata wa asibiti suna, don haka shi kaɗai ake shigarwa.

A ciki akwai taga, a bayan tagar kuma wani jaki sanye da tabarau. Bai ɗago kai ba ya ce, wa na kawo.

Na ce ɗana.

Ya ce sunansa fa.

Nan na tsaya. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba, ko a ɗaka ko a waje, ko da ina ni kaɗai. Haka uwata ta yi da yayana, haka ni ma na tashi na yi. Idan zan kira shi sai in ce "kai wannan", ya kuma san da shi nake. Na dubi yaron ko zai faɗa da kansa, na ga idonsa ya lumshe, leɓensa ya bushe. Na dubi silin, na ga ɗigon jininsa sun fara taruwa a can, sun haɗu da na waɗanda suka riga mu. Silin ɗin ya yi baƙi-baƙi, babu mai ɗaga kai ya kalla.

Na haɗiye kunyata, na ce, "Dayyabu."

Sai na ji kamar na tuɓe zanena a tsakiyar kasuwa. Yaron ma ya buɗe ido ya dube ni.

Jakin ya ce, "Af, na manta. An daina karɓar suna. Bincike ya nuna yana cin lokaci."

Da hannuna na dama a sake yake, wallahi da na mare shi, jaki ko ba jaki ba. Shi ko a jikinsa. Ya jawo gwangwanayen fenti, ya yi mini bayani cewa a nan da launi ake tantance mara lafiya: ja ga wanda rai yake hannun Allah, rawaya ga wanda zai iya ɗan haƙuri, kore ga mai mura da makamantansa. Na ce to a sa masa ja. Ya tsoma jelarsa a gwangwanin kore ya shafa wa yarona a goshi. Ya ce jan fenti ya yi tsada, kuma an lura wanda aka shafa wa ja yana cinye kayan aiki da yawa. Tun da aka koma kore, kowa da sauƙi yake zuwa.

Sai ga mu a wani dogon ɗaki. Gadaje masu taya suna ta zagaye shi da gudu, babu kowa a kansu. Marasa lafiya kuwa suna jere a kan benci da ƙasa, kowa da koren goshinsa, suna ɗage ƙafa idan gado ya zo wucewa. Ban san yadda aka yi ba, Malam Nomau ma yana ciki. Ya ce gadon da babu kowa a kai ya fi sauri, kuma saurin gado ake aunawa a ƙarshen shekara.

A tsakiyar ɗakin na hangi mutum, 'yar Adam kamar ni, mace mai farin kaya, idonta ya yi ja don rashin barci. Ta ce ita ce Sista Kandala, nas ɗin da take aiki yau. Ta sunkuya ta duba cinyar ta gefen yatsuna, ta ce jijiya ce, kada in kuskura in ɗaga, kuma ɗinki ne da ba zai ɗauke ta lokacin dafa shayi ba.

Na ce, "To bismilla, 'yata. Me kike jira?"

Ta ɗaga mini kafaɗunta. Hannayen rigarta a sake suke, babu komai a ciki. Ta nuna mini da haɓa wani kabad na gilashi a jikin bango. A ciki ga hannaye nan bibbiyu an jera a kan auduga, na nas-nas da na likitoci, an kulle da kwaɗo. Ta ce an gano hannun ma'aikaci ya fi daɗewa idan ba a yi aiki da shi ba, kuma ba ya cin safar hannu. Don haka an adana su har sai kwamiti ya yanke abin da za a fara bincikawa.

Ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Ga nawa can a sama, masu tabon ƙuna. Kullum ina zuwa in gaishe su."

Ban ji haushinta ba. Ita ma abin ya ishe ta, na gani a fuskarta. Na tambaye ta ina kwamitin yake.

Sai kawai na gan mu a wani zaure mai sanyi, da ni da barona da Sista Kandala, marasa lafiya kuma sun cika tagogi suna leƙe. Ƙadangaru sun kewaye wani dogon tebur, kowanne da kwalbar ruwa a gabansa. A saman tebur wata balbela ce tsaye da ƙafa ɗaya, fara sol, ko ɗigon datti babu a jikinta. Ita ce shugaba.

Ta yi mini maraba da murya mai daɗi, irin ta mai karanta sanarwa a rediyo. Ta ce na zo a kan gaɓa. Sun daɗe suna zama don su tsara tambayoyin da suka fi muhimmanci game da aikin ɗakin gaggawa, wace za a fara bincikawa, wace za ta biyo baya, yadda aiki zai yi sauri kuma a yi tattalin dukiya. Amma ƙa'ida ta ce dole a sami wakilin jama'a a zaman, ga shi jama'a ba sa isowa. Saboda haka an naɗa ni. Wani ƙadangare ya rataya mini igiya mai katin shaida a wuya, sauran suka gyaɗa kai.

Na ce ni ba muƙami na zo nema ba, mabuɗin kabad nake so.

Ta ce za a zo wurin.

Aka shigo da tambayoyin. A cikin ƙorai aka kawo su, an rufe kowace da faifai. Aka buɗe ta farko, wata ƙatuwar tambaya mai ƙiba ta miƙe ta gabatar da kanta: shin bencin jira gabas ya kamata ya kalla ko yamma, don mai jira ya ji kamar bai daɗe ba? Ƙadangaru suka gyaɗa kai. Ta biyu ta ce ita so take a gano ko nishin marasa lafiya ne yake sa fentin bango saurin koɗewa, in kuwa shi ne, nishi nawa ya kamata a yarje wa kowa. Suka gyaɗa kai. Wata ta yi magana a kan tayar gado, wata a kan ko za a iya wanke auduga a sake amfani da ita. Duk wadda ta yi magana sai kawuna su yi sama su yi ƙasa. Na lura ko tari balbelar ta yi, gyaɗawa suke.

Duk wannan abin hannuna yana kan cinya. Yatsuna sun fara mutuwa, kafaɗata tana zafi, yaron kuma ya daina cewa komai.

Can ƙarshe aka jawo wata ƙaramar ƙwarya daga ƙarƙashin tebur, duk ƙura. Tambayar da ke ciki ta rame har ba ta iya tsayuwa ba sai da ta dafa tebur. Da ƙyar aka ji ta. Ta ce, idan mutum ya zo jini yana zuba, yaya za a yi mai hannu ya isa gare shi kafin jinin ya ƙare?

Ƙadangaru suka gyaɗa kai, daidai yadda suka yi wa ta benci.

Balbela ta ce madalla, an yi kunnen doki ke nan, kowace tambaya ta sami goyon bayan kowa. Haka ake yi a kowane zama, shi ya sa aka daɗe. Yau kuwa ga wakiliyar jama'a, ƙuri'ata ce za ta raba gardama. Za a kira tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda nake so sai in ɗaga hannu.

Na ce ba sai an kira ba, waccan ramammiyar nake so. Na saki baro na ɗaga hannun hagu har sama.

Wani tsohon ƙadangare ya kau da kai. Balbela ta yi murmushi irin na wanda yake jin kunya a madadinka.

Ta ce, "Haba, Hajiya. Da hagu? Ke da za ki koya wa yara tarbiyya?"

Na ce ta dubi inda hannun damana yake. Ta duba, ta ce ta gani, Allah ya sawwaƙe, amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Ba a miƙa abu da hagu a gaban manya, balle ƙuri'a. Na ce to ga bakina, na faɗa, kowa ya ji. Ta ce magana ba ta ƙirguwa. Na ɗaga ƙafa, aka ce wannan raini ne. Na gyaɗa kai kamar yadda suke yi, aka ce gyaɗa kai na 'yan kwamiti ne, ni baƙuwa ce.

Na ce to wani ya zo ya danne mini wurin, in ɗaga in mayar. Sista Kandala ta matso da sauri, ta tuna ba ta da hannu, ta tsaya. Ta gwada durƙusawa ta sa gwiwa, balbela ta ce ba a amince da gwiwa a matsayin kayan aiki ba. Na dubi ƙadangarun, kowanne ya shiga buɗe kwalbar ruwansa. Na ce wa balbelar ita da take da ƙafa ɗaya a naɗe ba ta komai da ita, ta ara mini. Ta ce wannan ƙafar ajiya ce, saboda gaggawa.

Daga taga Malam Nomau ya ce, "Ki ɗaga, Hajiya. Mu ma muna nan."

Na waiwaya. Fuskoki ne cike da tagogin, kowace da koren goshi, duk ni suke kallo. Akwai wata mai goyo, akwai wani da ya riƙe cikinsa da hula. Ba su yi mini laifin komai ba, amma a lokacin na ji haushinsu su ma, don sun ɗora mini abin da ba nawa ba.

Yaron ya motsa baki. Na sunkuya.

Ya ce, "Inna, ki ɗaga. Kaɗan ne."

Ba kaɗan ba ne. Ina jin bugun jijiyar a tafina, na san abin da zai faru kafin hannuna ya kai sama ya dawo. Duk da haka na tsaya na yi tunani, don ni ma ba dutse ba ce. Na tambayi balbela, idan na ɗaga, tambayar nan ta ci, za a buɗe kabad yanzu a ɗinke shi?

Ta ce, "A'a. Za a fara bincike."

Na ce yaushe.

Ta ce bayan damina, idan an sami mai ɗaukar nauyi. Daga nan a rubuta rahoto, a kafa ƙaramin kwamiti ya duba rahoton. Ta ce in kwantar da hankalina, abin da za a gano zai amfani jikokin jikokina.

Na ƙara danne cinyar da duk nauyin jikina. Na ce ba zan ɗaga ba.

Aka kira tambayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka tsara. Da aka zo kan ramammiyar, ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai. Balbela ta gyara tsayuwa ta sanar da sakamako. Ta ce an tuntuɓi jama'a ta hannun wakiliyarsu, an ba ta cikakkiyar dama, kuma jama'a ba su nuna suna da wani ra'ayi ba. Saboda haka za a bi girman jiki, tambayar benci ita ce ta ɗaya. Aka mayar da ramammiyar cikin ƙwaryarta, aka tura ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Ba su da ra'ayi. Ni da na furta sunan ɗan farina a gaban jaki, ni da hannuna ya sandare a cikin jininsa, ni ce ba ni da ra'ayi. Na buɗe baki na wanke su tas. Na ce da balbela farin kayanta bai yi fari ba sai don ba ta taɓa taɓa kowa ba. Na ce da ƙadangarun Allah ya haɗa su da ranar da za su zo a baro, a tambaye su gabas ko yamma. Na ce su ɗaga kai su kalli silin ɗinsu, in bincike suke nema ga shi can yana bushewa. Suka saurare ni har na gama, suka gyaɗa kai. Balbela ta ce an gode da wannan gudummawa.

Kabad ɗin gilashin yana nan a jikin bango, ya biyo mu zauren. Na ja baro da hagu har gabansa, ban saki cinyar ba. Na tattara ƙarfina a ƙafar nan mai ciwon gwiwa, na sakar masa shuri. Gilashi ya tarwatse.

Hannaye suka zubo, suka tashi sama kamar tattabaru. Sista Kandala ta miƙa kafaɗunta tana kiran nata, tana cewa su zo, ga aiki, ga jijiya. Na ga masu tabon ƙunar sun taho, sun tsaya a saman baro, yatsun suna motsi kamar suna son su tuna wani abu. Na ce Alhamdulillahi. Na fara shirin zame tafina in ba su wuri.

Sai suka juya wajen tebur, suka haɗu, suka fara tafi.

Sauran ma suka kama. Ashe tun da aka kulle su ba a fito da su sai ranar ƙaddamar da rahoto, abin da ya rage musu ke nan. Zauren ya cika da tafi, balbela tana rusunawa, Sista Kandala tana kuka ba ta da abin share hawaye. A ƙarƙashin tafina bugun jijiyar yana ta raguwa, ina kiran yaron, tafin ya hana shi ji.

Tafin ya yi ta yi, faf, faf, faf, har na buɗe ido na ji ashe matar ɗana ce take kakkaɓe tabarma a jikin katanga.

Gari ya waye. Na tarar na cusa hannun dama a ƙarƙashin filo na danne shi, yatsun sun ƙi miƙewa. Na leƙa tsakar gida. Yaron yana tsugune a bakin rijiya da ƙafafunsa biyu lafiya lau, yana zuba ƙusoshi a jaka, guduma a soke a ƙugu.

Ya ce, "Inna, an tashi lafiya?"

Na tambaye shi ina ne aikin yau. Ya ce wani bene ne a bayan tasha, za su ɗora kwano kafin hadari ya haɗu. Na ce kada ya je. Ya yi dariya, ya ce in bai hau ba me za a ɗora a murhu, kuma in ma tsautsayi ya gifta, ai asibiti yana nan kusa.

Na ce, "Kusa yake."

Ya saɓa tsaninsa a kafaɗa ya fita.